Kada a Tsallake Madarar Akilai

Wanda duk ya buɗe takardar nan, kada ya karanta shi kaɗai ya ninke. Ya kira ɗan'uwansa. Ni ce Burulkan, uwarku, na rubuta ta a garinmu Narin da hannuna, da cikakken hankalina. Ƙafafu ne suka ƙi, ba ƙwaƙwalwa ba.

1. Gida na Talant ne. Goɗiyoyi biyu da shimfiɗun ulun da na ɗinka na 'yata Jildiz ne. Ban yarda a yi gardama ba.

2. Talant, tagwayenka Kubat da Akilai an haife su madara na kumbura musu maƙogwaro, a garin da ko shayi ba a sha sai da ita. Likitar birnin Bishkek ta ce min, "Inna, sojojin jininsu ne suka ɗauki madara abokiyar gaba. A riƙa nuna musu ita kaɗan-kaɗan kullum har su ajiye makami. Amma in ta ɓace musu kwanaki, sai su manta an taɓa sulhu." Shekara biyu ina aunawa kowace safiya, daga ɗigo har rabin kofi.

Sai mahaifinku ya rasu. Bisa al'adarmu kwana uku ba a hura wuta a gidan ba, baƙi suka cika gida, ni kuwa na fuskanci bango ina kuka. Kwana tara babu wanda ya ba su. Jildiz ta tuna, ta miƙa wa Kubat rabin kofinsa kamar da. Bai kai asibiti ba.

3. Shekara uku ke nan ba ka gaida ƙanwarka, kana cewa, "Ita ta kashe min ɗa." Ka ji tsoron Allah, Talant. Ita kaɗai ta tuna. Ni aka yi wa gargaɗin, ni ban faɗa wa kowa ba. In fushi za ka yi, ka kawo shi kabarina. Ka je gidanta tun kafin a ɗauke ni.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku.

4. Akilai ta sake kai rabin kofi. Ranar da na mutu, a dafa madararta a maƙwabta, ta sha kafin kowa ya fara kuka. In an taɓa tsallake kwana, kada a ba ta ko ɗigo sai an kira likita. Daga yau a gidan nan, ko gawa na kwance, mai rai ake fara dubawa.