Watan Inna da Watan Kwamfuta

Laraba da dare, Kontagora

Har yanzu raina a ɓace yake. Yaya Sani ya kira ni bayan la'asar, ko gaisuwa babu: "Malam mai kwamfuta, Inna ta sayar da akuyarta ta zuba adashi. Ka kyauta."

Ni da nake ganin na tsara komai! A fayil ɗin lissafina layi ɗaya na rubuta: zubin adashin Inna, duk wata. Manhajar lissafin tana tuna min ran ɗaya ga wata, ina tura wa Inna kuɗin. Ashe watan Bature take ƙirgawa, su Inna kuwa ranar da wata ya tsaya suke zubi. Lokacin da na fara, tare watannin suka kama, shi ya sa ban lura ba. Yanzu tazarar ta kai kwana tara, uwar adashi ta gaji da jira.

To shi Yayan da yake gida ɗaya da ita a Kaboji, makaho ne? Sai da akuya ta tafi bakinsa ya buɗe.

Na bincike manhajar kaf. Akwai kullum, akwai mako-mako, akwai wata-wata, amma babu inda ake rubuta "in an ga wata". Na goge layin.

Na kira Inna ina ba ta haƙuri. Da ma faɗa ta yi min, da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi: "Ba komai, ɗan nan. Na ɗauka ko a Kontagora wata ba ya tsayawa da wuri."