Tabawar da Inna Ke Yi wa Addu'a

Assalamu alaikum Yaya Lawal,

Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya Legas? Ya Anti Binta da yara? Mu nan Faskari lafiya lau, alhamdulillahi.

Wani littafi na samo a kasuwar Ƙanƙara, labarin wata mai fura, Tabawa, da ta rasa gidanta ta koma garin da ba ta san kowa ba. Yaya, ban taɓa karanta mai daɗinsa ba! Ka san tun da muka baro garin Sabuwa Inna ba ta cika magana ba, sai na fara karanta mata bayan la'asar. Yanzu ita ke kirana: "Hadiza, zo mu ji yadda baiwar Allahn nan ta kwana."

Jiya bayan sallah na ji tana roƙa wa Tabawa mafita, haɗe da sunanka.

Zan aiko maka da littafin ta hannun direba. Don Allah ka karanta, ku sami abin hira in ka kira. Amma kada ka ce mata ƙagaggen labari ne.

Ka gaida kowa. A sa mu a addu'a, har da Tabawa.

Ƙanwarka,
Hadiza