Mai Jan Zare

Lahadi, 5 ga Oktoba, 2025

Abin da zan rubuta ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Yusra da muke raba komai a makaranta. Na sumbaci kare. A ka, tsakanin kunnuwansa. Astagfirullah. Kuma ban ji nadama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ɗan kwikwiyo ne, na Anti Anatu, tsohuwar nas 'yar Kafanchan da bango ɗaya ya raba mu a nan unguwar Barking, a Landan. Mama ce da kanta ta ce in riƙa ɗauko mata sayayya saboda ciwon gwiwa. Ta san akwai karya a gidan, ta ce in tsaya a bakin ƙofa. Ba ta san karyar ta haihu ba, ba ta kuma san na daɗe da wuce bakin ƙofa ba. Karya a gidansu, ƙarya a gidanmu.

Laraba, 8 ga Oktoba

Uwar sunanta Alewa. Cavalier ake ce wa irinsu, ƙanana ne, kunnuwa zar kamar gashin da aka tsefe, ido kuwa kamar yanzu suka gama kuka. 'Ya'ya huɗu. Anti ba ta sa musu suna, zare take ɗaura wa kowane a wuya. Ta ce, "Wanda ka raɗa wa suna ba ka iya ba da shi." Nawa mai jan zare ne. Na ce nawa. To.

A littattafan da nake karantawa a waya, in saurayin ya shigo falo sai gaban yarinyar ya faɗi, ta kasa haɗa ido da shi. Shekara nawa ina jiran in ji haka. Ashe abin da zai faɗar mini da gaba bai fi takalmina tsawo ba, kuma ya yi mini fitsari a siket.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na ware mayafi ɗaya, ruwan toka, na shiga gidan Anti kawai. Ina naɗe shi a ƙasan jakar makaranta. Shi yake tauna, a kansa yake barci.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau wani mutum ya bugo wa Anti waya yana son biyu, wai a kawo masa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ya karɓa. Ta ce masa, "Ba tumatir nake sayarwa ba," ta kashe. Na yi dariya har da tari.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Irin waɗannan karnukan ciwon zuciya ne gadonsu. Shi ya sa sai da Alewa ta girma sosai, likita ya saurari zuciyarta, ya duba idonta, aka duba na uban da na iyayensa, kafin ta yarda a haɗa su. Daga wannan haihuwar kuma shi ke nan, Alewa ta huta. Mai so sai ya zo gida ya gan su da uwarsu, ita ma ta je ta ga gidansa. Sai sun cika sati takwas, an yi musu allura. Kuma in mutum ɗaya a gidan bai so, ba ta bayarwa.

Na ce ko da mutum ɗaya? Ta dube ni ta saman tabarau. "Karima 'yata, kar ma ki fara."

Ni ban fara komai ba. A raina dai na riga na gyara masa wuri a ƙarƙashin gadona.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na roƙe ta. Na ce ta riƙe shi a wurinta, ni zan riƙa fita da shi, in na gama jami'a na samu flat ɗina in ɗauke shi. Duk na tsara, har da kalar labule.

Ta ce, "Ki dubi gwiwar nan. Alewa ma da ƙyar nake bin ta. Ke kuma a ɓoye kike zuwa. Ranar da Mamanki ta ce kar ki ƙara, wa zai fita da shi? Shekara goma ko fiye zai yi a duniya, ba zai yi su yana jiranki a taga ba."

Ta zuba mini kunun gyaɗa, na sha da hawaye a ciki.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na gwada Mama da dabara muna tsinke alayyahu. Na ce wata 'yar ajinmu Musulma ce kuma suna da ɗan kare. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Allah ya shirye su. Gidan da ake sallah? Miƙo wuƙar."

Shi ke nan. Magana ta mutu a cikin alayyahu.

Asabar, 25 ga Oktoba

An samu mai ɗaukarsa in ya cika sati takwas. Wata Baturiya daga Dagenham, Pauline, mijinta ya rasu bara. Na so in tsane ta. Na so ta zo da dogayen farce da turare mai hawa kai. Sai ga ta da tsohuwar rigar sanyi, ta zauna dirshan a ƙasa tana jira ya zo da kansa. Ya je. Maci amana.

Ta yi mini murmushi ta tambayi wani abu, na sunkuyar da kai kamar ban jin Turanci.

Amma na ji abu ɗaya. Anti ta ce mata in ta kasa, ko bayan shekara nawa ne, kar ta ba kowa, kar ta kai shi ko'ina, ta dawo mata da shi. Sharaɗinta ke nan ga kowa.

In ta kasa, ta dawo da shi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na yi addu'a Allah ya sa Pauline ta kasa. A sujada. Wace irin mutum ce ni?

Laraba, 29 ga Oktoba

Hutun rabin zango, kullum ina can. Na lura da abubuwan da ko Anti ba ta lura ba. Ba ya cin abinci in kwanon yana ƙara a kan tayil, sai an sa tsumma a ƙasa. In ya fara zagaye sau biyu yana shinshina, fitsari ne, ka ɗauke shi da sauri. In yana kuka, ba ɗauka yake so ba, ka sa yatsa biyu a ƙirjinsa ka yi masa 'yar waƙa a maƙogwaro, sai ya yi laƙwas.

Anti ta ce kowane ɗa in zai tafi tana haɗa shi da ƙyalle mai warin uwarsa, don kar ya yi ta kuka a baƙon wuri. "Amma wannan ke ya sani fiye da uwarsa. Ki ba shi mayafin nan. Kar ki wanke fa."

Na ce to. A hanya na ce a raina ba zan bayar ba. Ya yi kukan. Ya hana Pauline sakat har ta gaji.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mama ta buɗe jakata tana neman kwanon abincin da na manta a ciki. Ta fito da mayafin da yatsa biyu. Gashi fari da ja ko'ina, gefe duk a tattaune.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ke. Da wannan jikin kike sallah?" Na ce ina canzawa, ina wanke hannu. "Ya lashe ki?" Na kawar da kai. "Innalillahi. A gidan mutane, da sunan taimako."

Ta ce sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Sai dai bayan gidanmu duk siminti ne, babu ƙasa ko ta cika cokali. Ta tsaya tana dube-dube, sannan ta ɗauko tukunyar na'a-na'arta daga taga ta kwashi ta ciki. Ni ta sa na yi. Tana tsaye tana ƙirgawa, ina cuɗawa a baho, baƙin ruwa yana bin hannuna. Na bakwai na kai shi hanci. Sabulu kawai.

Abin haushin, ai na ce ba zan ba shi ba. To me ya sa na yi kuka kamar an yi mini mutuwa?

Daga yau in ajiye wa Anti kayanta a bakin ƙofa in juyo. Mama ta ce ba don ta tsani dabba ba ne, Allah ne ya halicce ta, amma kowa da wurinsa.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na ajiye madara da burodi, na danna ƙararrawa, na gudu.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Tun magariba ake ta harba wasan wuta na bikin Turawa, unguwa kamar ana yaƙi. Ta bango ina jin su. Na san muryarsa a cikin huɗun, tasa ce siririya mai karyewa a ƙarshe. Anti tana ta lallashi, bai daina ba. Ba ta san na yatsa biyun ba, ban taɓa faɗa mata ba, na riƙe abina.

Na jingina da bangon na yi masa waƙar a maƙogwaro. Bulo ne, ba ya wucewa.

Haka zai yi a Dagenham. Abin da na roƙa ke nan fa. Ban san haka sautinsa yake ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na kasa karanta littafin da na fara a waya. An kai wurin da saurayin ya dawo daga filin jirgi da gudu saboda ita. Ƙarya ce. Babu mai dawowa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

A darasin lissafi na yagi takarda na fara rubuta wa Pauline, da Turanci. Tsumma a ƙarƙashin kwano. Zagaye biyu. Yatsa biyu a ƙirji. Yana tsoron injin shara amma ba ya tsoron ruwan sama. Kar ta ja kunnensa in tana tajewa, ta riƙe tushen. Na cika gaba da baya. Waƙar ce na rasa yadda ake rubuta ta, na ce kowace ma ta yi, in dai a hankali ce.

Yusra ta leƙo ta ce, "Love letter? Waye shi?" Na ce ba ki san shi ba.

In na ba Pauline takardar, zai yi barci. In ya yi barci, ba za ta kasa ba. Na sa a aljihu. Ban yanke komai ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yau ne. Motar Pauline ja ce ƙarama, tana ƙofar Anti yanzu haka, na gani ta labule. Ta kawo ɗan keji da bargo a ciki, sabo, da alama har guga ta yi masa.

Na sauko na tarar da Mama a kicin. Na ce zan fita in ba matar can takarda. Muryata ta fito, ni ma na yi mamaki. Ta ce takardar me? Na ce ta yadda ake kula da shi. Ta daɗe tana juya miya. Ta ce, "A waje. Kar ki taɓa."

Ba zan taɓa ba. Ban ma sani ba ko zan iya kallonsa.

Na hawo ɗaukar hijabi ne kawai. Ba wai na haƙura ba. Kawai dai ba ya cin abinci in kwanon yana ƙara, kuma dole wani ya gaya mata.

Sun buɗe ƙofa. Bari in sauka.