Abin da Baffa Ya Faɗa da Fillanci

Zariya, 4 ga Maris

Adda Zuwaira,

Assalamu alaikum. Sannu da jinya, ya jikin Baffa? Na ba direban Kiru wannan takarda tunda waya ba ta shiga rugarku.

Tun da na dawo hankalina bai kwanta ba. Shekara bakwai Baffa ya hana ni taka Badafi, don an ce masa ina koyar da littattafan Yahudu da Nasara a jami'a, alhali ko salla ɗaya ban bari ba. Ranar Juma'a na durƙusa gabansa neman gafara. Ciwo ya ƙwace masa Hausa, ni kuma Fillanci ya bar bakina tun da aka kai ni riƙo birni ina ɗan shekara shida. Ke kika tsaya tsakaninmu. Ya daɗe yana magana, ke kuwa sai kika ce, "Ya ce ya yafe." Na ce na gode, na fita.

Adda, fassara fa aikina ce. A tsohon Ibrananci, mai ɗauko magana daga harshe zuwa harshe sunansa daban, mai warware mafarki sunansa daban. Girkanci ne ya haɗa su a kalma ɗaya. Ni ba warwara nake so ba. Kalmominsa nake so, ko da tsinuwa ce.

Ƙaninki,
Mujitaba

Badafi, 9 ga Maris

Mujitaba,

Wa alaikumus salam. Jiki sai addu'a, ko kindirmo da ƙyar yake haɗiya.

Kai dai da boko! Ka iya harshen mutanen da suka daɗe da zama ƙasa, na ubanka ya gagare ka, sannan ni za ka yi wa jarrabawa? Arɗo yana wurin, Kawu Sale yana wurin, duk suna jin Fillanci. Wa ya ƙaryata ni? Ka samu abin da ka zo nema, ka riƙe ka yi shiru.

Allah Ya tsare.
Addarka

Zariya, 15 ga Maris

Adda,

Ina gaisuwa. Kawu Sale bai ƙaryata ki ba, amma na ga ya sunkuyar da kai har na fita. Don girman Allah ki faɗa mini. Ina tafe da zarar ɗalibai sun gama jarrabawa.

Mujitaba

Badafi, 19 ga Maris

Ɗan'uwana,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa ya rasu jiya da hantsi, an kai shi kafin azahar.

Ga kalmominsa, ban ƙara ba ban rage ba. Cewa ya yi shi ya bayar da kai riƙo kana kuka kana riƙe da rigarsa, shi ya kuma kore ka a kan maganar mutane. Ya ce, "Ni ne mai laifi. Ka yafe mini, ɗana."

A wurinmu uba ba ya roƙon ɗa, balle a gaban Arɗo. Kawu ya ɗaga mini ido, kunya ta kama ni, na rufa wa Baffa asiri. Na zaci akwai sauran lokaci.

Kullum da safe sai ya tambaye ni, "Me yaron ya ce?" Ban so in ƙara wata ƙaryar ba, sai in faɗa masa abin da ka ce ɗin. In ce ka ce ka gode.

Ka yafe mini ni ma, in za ka iya.

Zuwaira