Kada Tukunyar Mama Bae Ta Huce

Cikin alhini da rashin sukuni, Ƙungiyar Direbobin Zango ta Filin Jirgin JFK da ke New York, a madadin Shugabanta, Sarkin Direbobi Alhaji Nurudeen Sumani, da dattawanta da ɗaukacin mambobinta, ta samu labarin rasuwar Madam Bae Sun-ja, wadda muke kira Mama Bae, mai gidan romon ƙashin saniya na Koriya da ke unguwar Queens, bayan gajeriyar jinya.

Dattawanmu ba za su manta zuwansu na farko gidanta ba. An ajiye musu romo fari fat kamar madara, babu gishiri ko kaɗan, suka yi ta gunaguni wai tsohuwa ta yi mantuwa, alhali a al'adar mutanenta kowa shi yake sa gishirinsa a kan tebur. Marigayiya ba ta yi fushi ba. Da ta gane abin da ke hana sauranmu shiga, sai ta fitar da naman alade daga kicin ɗinta gaba ɗaya, ta koma sayen ƙashi wajen mahautanmu na unguwar Mount Hope, ta kuma ajiye yaji kusa da gishirin, duk da hararar da take zabga wa duk wanda ya cika zuba shi a romon.

Tun da aka buɗe gidan, shekaru masu yawa, wutar babbar tukunyarta ba ta taɓa mutuwa ba. Ƙashi da ruwa kawai ake ƙarawa. Abin da ya hana mu zama ke nan. Babban ɗanta, Mista Bae Dong-ho, ya shaida mana cewa iyalin duka za su tare wajen makoki, kuma idan tukunyar ta huce, ba ya jin yana da zuciyar sake kunna mata wuta. Wayar ƙungiya ba ta huta ba tun jiya, mu ɗin ma a tsorace muke.

Saboda haka, da izinin iyalin, Hajiya Fusena Kadri, wadda ta daɗe tana aiki da marigayiya, za ta tsaya kan tukunyar, direbobinmu kuma za su riƙa kai mata ƙashi bi da bi. Duk wanda layinsa ya zo, ya haƙura da fasinja ya tafi.

Muna roƙon Allah Ya ba Mista Bae da ƙannensa da jikokin marigayiya haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Ku je ku raka mahaifiyarku hankali kwance. Ci gaba da gidan ko rufe shi shawararku ce, amma ranar da kuka dawo za ku tarar da romon yana tafasa, kuma ba mu sa masa gishiri ba.

Malam Saeed Harouna
Kakakin Ƙungiyar Direbobin Zango ta Filin Jirgin JFK, New York