Akwatin Katantanwa na Malama Hairat

Choggu, Tamale
4 ga Mayu

Yaya Mashudu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin ruwa. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Akwatin katantanwar teku da ka aiko mini daga Mombasa ya jawo mini magana. Na kai wa 'yan ajina, na baza a tebur. Na nuna musu ƙaramar nan da muke kira wuri: ba ta kai kan babban yatsa ba, bayanta sumul da zobe ruwan ɗorawa, cikinta tsaga mai haƙora. Na ce musu gidan wata halitta ne, mai zama a ruwan ɗumi marar zurfi, daga gaɓar gabashin Afirka har tsibiran can gabas, fatake ne suka kawo mana. Yaran da ba su taɓa ganin teku ba sun ƙi fita tara.

Washegari Hajiya Ashetu, uwar wata ɗalibata, ta cika makaranta da ihu, wai ina koya wa yara duba. Ni da ko ranar ɗaukar laima ban taɓa cinka daidai ba! Hedimasta ya ce in zubar da su in rubuta takardar ban haƙuri, ko in bar aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya. Ba zan ba da haƙurin abin da ban yi ba.

Ƙanwarka,
Hairat

19 ga Mayu

Yaya Mashudu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, an sallame ni. Na rungumi akwatina na fita ta babbar ƙofa, ban yi kuka ba sai cikin yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku. Inna ta ce in koma in durƙusa, na ƙi. Kada kai ma ka rubuto da wannan shawarar.

Jiya da hantsi sai ga Hajiya Ashetu a ɗakina, mayafi har hanci, murya ƙasa-ƙasa. Wai in watsa mata wuri in gani ko ɗanta da ke Libiya yana raye, wata bakwai ba ta ji muryarsa ba. In na yi, ita da kanta za ta sa a mayar da ni aiki.

Wallahi tausayinta ya kama ni, kuma ina son ajina kamar me. Amma na ce mata ban san gaibu ba, iyakar sanina inda wuri yake rayuwa. Na yi wa ɗan nata addu'a, ta fita ko sallama babu.

Gobe zan kai takarduna wata makaranta a Dungu. Akwatin zan fara ɗorawa a teburin hedimastansu, kafin in zauna.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Hairat