Akwatin Lantarkin da Ka Aiko wa Mahaifinka

Sharafiyya, Jidda
Muharram, 1391

Zuwa ga ɗana Abdulghani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Kano, kai da iyalinka Zaituna da yara, Ya kuma kawo wa kawunka Ubale sauƙin idon da ka ce yana damunsa. Mu nan mun gode Allah. An yi aikin Hajji lafiya, baƙi sun soma komawa, gari ya fara numfasawa. Ƙanwarka Mastura ta ci jarrabawarta, yayanka kuwa an mai da shi aiki tashar jiragen ruwa, ba ma ganinsa sai ranar Juma'a. Labari mai daɗi ke nan, kuma ya ƙare. Sauran ka gyara zama ka karanta da kanka, kada ka miƙa wa Zaituna ta karanto maka kana cin tuwo.

Maganar akwatin lantarkin nan ce da ka aiko wa mahaifinka da azumi. Ban san wane ɗan kasuwa ya yi maka romon baka ba, ban kuma san ranar da ka zama likita ba. Ka san mutumin nan yana da ciwon sukari tun kana makaranta. Ka san ni nake dafa sirinjinsa, ni nake hana shi dabino da shayi mai zaƙi, yana zagina a ransa. Amma ka tashi aiko da magani, ba ka rubuto mini ko layi ɗaya ka ce Umma, me kika gani ba. Sai kawai ga akwati mai hannayen tagulla biyu da igiya, da takardar Turanci a ciki. Na karanta ta, don ba a banza aka kai ni makaranta a Umdurman ba. Wai yana maganin sanyin ƙashi, da ciwon baya, da sanƙo, da rashin haihuwa, da yawan mantuwa. Abin da ya ce yana warkar da komai, ɗana, ba ya warkar da komai. Yarinya 'yar firamare ma ta san wannan.

Mahaifinka kuwa ya karɓe shi kamar an aiko masa daga sama. Ya jona, ya riƙe hannayen, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya ce wallahi ya ji ciwon yana fita ta yatsunsa. Da ma a nan abin ya tsaya, da na yi haƙuri. Sai ya ɗauke shi ya kai kanti. Ya kira tsofaffin abokansa na unguwar Sa'alaba, masu ciwon gwiwa da masu ciwon ƙugu, ya jera su a benci. Ya gano cewa idan suka riƙe hannun juna, na farko ya kama tagulla ɗaya, na ƙarshe ya kama ɗayar, wutar tana ratsa su gaba ɗaya. Na je kai masa abincin rana na tarar da dattawa masu furfura, masu jikoki, sun sarƙe hannuwa suna karkarwa, gemu na rawa, ɗaya yana salati, ɗaya yana cewa a ƙara, a ƙara. Mahaifinka yana tsaye yana murɗa maɓalli yana ce musu yalla, a daure, kahraba, wato wutar lantarki, ba ta son rago. Na ajiye kwanon na juyo. Kunyar da na ji ranar, ban ji irinta ba tun da na zo ƙasar nan.

Daga nan sai ya ce kanti ya yi masa ƙunci, tufafi sun cinye wurin da marasa lafiya za su zauna. Ka tashi a kantin nan, ka san yadda ake yi. Tasfiya, wato karya farashi a kwashe ragowar kaya, bayan alhazai sun tafi ake yinta, a kan abin da suka bari. Shi kuwa a Zulƙida ya yi tasa, jiragen alhazai na hanya, kanta cike da jallabiyoyi da gyale da hirami da rigunan yara da ya tara shekara guda domin masu sayen tsaraba. Ya yanki farin yadi sabo ya rubuta tasfiya da manyan baƙaƙe ya rataya a ƙofa. Maƙwabcinsa Malam Bawa ya shigo a ruɗe yana tambaya ko mutuwa aka yi, ko kuwa barin ƙasar za mu yi. Da ya ji dalili, ya ce masa Alhaji, in hauka za ka yi ka yi a gidanka, kada ka kashe mana kasuwa. Mahaifinka ya amsa masa da cewa shi ma ya zo ya zauna a benci, ga alama ciwon hassada ke damunsa, kuma akwatin yana maganinta.

Matan unguwannin Sharafiyya da Mahjar suka yi wa kantin dirar fara. Har da waɗanda suke gaishe ni da safe, suka wuce ta ƙofata da ƙunshi a ka, suna ce mini Allah Ya saka wa Alhaji, bai taɓa yin kirki irin na bana ba. Yanzu duk lungun da na bi sai na ga yara sanye da rigunanmu, iri ɗaya, kamar 'yan makaranta. Da alhazai suka sauka, mutanen da suka saba nemansa kowace shekara suka zo suka tarar da kanta wayam, sai benci da tsofaffi. Suka tsallaka wurin Malam Bawa. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa yake abin da ya samu zai aiko maka ka sayo masa ƙarin akwatuna, ya buɗe wurin magani sosai.

Kanti dai dukiya ce, tana tafiya tana dawowa, kuma ba saboda shi na ɗauki alƙalami ba. Saboda ƙafarsa ce. Ya daina allura tun bayan ƙaramar Salla, ya ce ba a haɗa magani biyu. Ya koma ɗora tagullar a tafin ƙafarsa ta hagu da jiƙaƙƙen tsumma, yana murɗa maɓallin har ƙarshe, yana yi mini alfahari cewa da can ƙafar tana yi masa zogi, yanzu ko wutar ma ba ya ji, ashe ya warke. Abdulghani, ƙafar da ba ta jin wuta ba warkewa ta yi ba, mutuwa take yi. Na gaya masa haka, ya ce karatun 'yan mata ne ke damuna. Ran nan ina wanki na ga safarsa ta manne da jini da ruwa. Na sa shi ya ɗaga ƙafar da ƙyar. Ƙuna ce a ƙarƙashin babban yatsa, ta zama gyambo, gefenta ya soma duhu, shi bai ma san tana nan ba. Likitan da yake duba shi na je na same shi ni kaɗai, na kwatanta masa. Bai ɓoye mini ba, ya ce in an kawo shi yanzu ana iya ceton ƙafar, in an yi jinkiri sai dai a yi maganar yankewa.

Na roƙe shi, yayanka ya roƙe shi, Mastura ta yi kuka har idonta ya kumbura. Amsarsa ɗaya ce: ɗansa mai ilimi, wanda ya san Turawa da kayansu, shi ya aiko da maganin nan, kuma ba zai taka asibiti ba sai wanda ya aiko ya ce ba shi da amfani. Ka ga inda ka ajiye mu. Mastura ta ce ta iya kwaikwayon rubutunka, ta rubuta takarda da sunanka mu ba shi. Na ce mata ya isa haka, kada in sake jin wannan magana. Ban taɓa yi wa mahaifinku ƙarya ba, ba kuma zan koya wa 'yata ba, ko da a kan ƙafarsa ne. Wanda ya ɗaura shi zai kwance.

Abin da na iya yi na yi. Ƙunshin da Alhaji Salihu zai miƙa maka tare da takardar nan, ba tsaraba ba ce, akwatinka ne. Na cire shi daga kanti da rana tsaka, a gaban tsofaffin, na kuma gaya wa mahaifinka a fuskarsa inda zan aika shi. Tun ranar ba ya yi mini magana. In yana son ruwa sai ya ce wa Mastura ta gaya wa shugabar makaranta, wato ni ke nan, yana jin ƙishi. Ya yi ta fushinsa, ina iya ɗauka. Fushi da ƙafa biyu ya fi mini godiya da ƙafa ɗaya.

Saura naka. Ranar da ka karanta wannan, kafin ka ci abinci, ka je gidan waya ka bugo masa telgiram da sunanka. Kada ka yi kwana-kwana, kada ka ce wataƙila. Ka ce ka yi kuskure, akwatin ba magani ba ne, ya tafi asibiti yau. Na san kalmar kuskure tana yi maka nauyi a baki, gadonta ka yi, amma ba ta kai ƙafar mutum nauyi ba. In kuma saƙonsa na ƙarin akwatuna ya riga ya iso maka, ka mai do masa da abinsa. Wanda na aiko maka kuwa kada ka ba kowa, ko sadaka, don ban yarda ka kai wa gidan wani abin da ka kawo mini ba.

Ka gai da kawunka Ubale da Inna Turai, ka ce ina nan ina yi musu addu'a a Harami duk lokacin da na samu zuwa. Ka gai da Zaituna, ka shafa mini kan Rafi'u da Khadijatu. Yayanka da Mastura suna gaishe ka. Mahaifinka bai ce a gaishe ka ba, domin bai san abin da na rubuta ba sai abin da na gaya masa, kuma ba zan ƙaga masa gaisuwa ba.

Ka saba ina rufe takarda da sa maka albarka. Tana nan, ban janye ta ba. Zan rubuto maka ita ranar da likita ya kwance ƙafar nan ya duba.

Mahaifiyarka,
Sauda